Lambar da Muka Bar wa Inna

Abubuwa da yawa sun shuɗe a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma aikin sauya lambobin wayar ofishinmu ba ya cikinsu. Wannan kam ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Na san wani zai ce, me ke cikin lambar waya har da mace za ta riƙe ta shekara da shekaru? Ni ma da haka zan ce, kafin abin ya biyo ta kaina.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi. Ni ke zaune a teburin karɓar baƙi, in amsa waya in tura wa wanda ake nema, in an kawo takarda in buga. Karatuna bai yi nisa ba, sakandare na gama sai ɗan kwas na kwamfuta. Kamfanin yana da wurare uku: babban ofis a Birni, sito a Ambursa, da wurin sayen shanshera a Argungu, wato shinkafar da manoma ke kawowa ba a cashe ba. Maigidana a na Argungu yake aiki, shi ke duba shanshera kafin a saya. Muna zaune a Gwadangaji, da safe ya shiga mota ya tafi, da yamma ya dawo. Wata safiya ya fita, motar da ya shiga ba ta isa ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka tafi tare da shi. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a kan wannan.

Da na fita takaba na koma aiki, sai na tarar ana shirin haɗa wayoyin wuraren nan uku. Da can kowane wuri yana da akwatin wayarsa na cikin gida, wanda muke kira intakom, kowane tebur da lambarsa. In kana Birni kana neman mutumin Argungu, sai ka kira layin waje, wani lokaci ya shiga, wani lokaci ka wuni kana gwadawa. Shi ne aka ce za a haɗa akwatunan ta intanet, ta yadda mutum zai ɗaga waya a Ambursa ya danna lamba, ta yi ƙara a Argungu kamar ɗaki ne na kusa.

Injiniyan da aka ba aikin mutumin kudu ne, shagonsa yana unguwar Nasarawa a nan Birni. Ya daɗe a Kebbi har in yana magana a bayan ƙofa ba za ka ce ba ɗan gari ba ne. Manaja ya haɗa ni da shi, ya ce ni na san wanda ke zaune a kowane tebur. Gaskiya ne na sani, amma ina jin har da tausayi a ciki. Ya ga ina zama in yi shiru ina kallon bango, ya nema mini abin da zai ɗauke mini hankali.

Ranar farko injiniya ya zauna gefen teburina ya yi mini bayani. Ya ce, "Malama, ga inda matsalar take. Kowane wuri lambobinsa daga ɗari da ɗaya sunka fara. Ɗari da biyar tana Birni, tana Argungu, tana Ambursa. In na haɗa su haka, aka danna, na'ura ba ta san wa ake nufi ba. Kamar ki tsaya tsakar gida ki kira suna, alhali yara uku ke amsa shi."

Na ce, to yaya za a yi? Ya ce sai a ƙara lamba guda a gaban kowace, ta zama kamar sunan unguwa. Birni ta ɗauki ɗaya, Argungu biyu, Ambursa uku. Wanda yake ɗari da biyar a Argungu ya koma biyu, ɗaya, sifiri, biyar. Kowa lambarsa ta zama guda huɗu, ba wanda zai yi karo da wani, kuma in an ƙara tebura nan gaba akwai wuri. Abin ya burge ni. Rabona da in ji wani abu ya zauna daram a kaina haka tun kafin rasuwar. Na kama aikin hannu biyu. Muka bi ofishin Birni ɗaki ɗaki, muka je Ambursa muka yi na sito. Manaja ya ga tsarin ya ji daɗi, bai ma jira mun gama ba ya sa aka buga katunan manyan ma'aikata da sababbin lambobi, har da allon da za a kafa a bakin ƙofa.

Argungu ce na yi ta ja da baya a kanta. Tun da na fita takaba sau ɗaya na bi hanyar, na kai yara gaida kakarsu, kuma mafi yawan tafiyar idona a rufe yake. Amma aiki ba ya ƙarewa sai an je. Muka tashi da sassafe a motar kamfani, ni a baya, injiniya a gaba yana ta ba direba labarin ƙwallo. Daga baya na gane da gangan yake yi, don kada motar ta yi shiru.

Wanda ya tarbe mu shi ne mai awon shanshera, wani dattijo da muke kira Baba, aminin maigidana ne duk da ya girme shi sosai. Ya yi mini gaisuwa a taƙaice, bai ja ta ba, na kuwa gode masa a zuciyata. Da injiniya ya bayyana musu tsarin, sai Baba ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Tsaya, Oga. Wa ya ba Birni ɗaya? Shinkafar da suka casa daga ina taka hitowa? Mu ad da shinkafa, mu ad da kihi, su ad da fanka da kujeru masu juyawa. Amma mu anka ba biyu?"

Injiniya ya ce, "Haba Baba, ko a makaranta wanda ya zo na biyu ana tafa masa."

Baba ya ce, "Kai dai ka ci tuwonsu, shi ya sa." Aka yi dariya, har ni na murmusa.

Muka fara bin tebura, ina rubutawa, injiniya yana duba wayoyi. Na san inda teburin maigidana yake, ina ta kewaye shi, har ya zama shi kaɗai ya rage. An riga an sa wani a wurin, mutum mai kirki da aka dawo da shi daga Ambursa, da ya ga na nufo sai ya tashi ya ba ni wuri. Wayar tana nan yadda na san ta, da 'yar takarda manne a jikinta: 114. Ina tsaye ina ƙoƙarin sa hannuna ya rubuta, sai ta yi ƙara.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mai teburin bai ɗauka ba. Ya dubi Baba, sauran ma suka dube shi, sannan duk suka dube ni suka sunkuyar da kai. Baba ya taho da sauri yana goge hannu a riga, ya ɗaga wayar kafin ta sake yin wata ƙarar.

Ya ce, "Inna, an kwana lahiya? Lahiya lau. E, sun hwara shigowa. Ta yau ta ɗan yi danshi, mun ce su ƙara shanya ta. Ruwa? Ya ja baya, jiya na ga gulbi da idona. To, Inna. To. Amin, amin."

Ba sai an gaya mini ba. Muryar tana fitowa kaɗan kaɗan ta kan wayar, kuma muryar surukata ce.

A nan sai in ɗan koma baya. Maigidana ɗan fari ne a wurin Inna, kuma Inna irin mutanen da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mutumin nan". In ya je gaishe ta, ta kau da kai tana amsawa kamar baƙo ne ya shigo. Wayarsa ta hannu kuwa ba ta taɓa kira ba, a ganinta wannan rashin ta ido ne. Amma tun da ya fara bin hanyar nan kullum, hankalinta ba ya kwanciya. Shi ne ya samo mata dabara. Ya sa mata layin ofishin Argungu a 'yar wayarta mai maɓallai, ya nuna mata in na'ura ta amsa, ta danna maɓallin sama na hagu sau biyu, sannan na ƙasansa sau ɗaya. Inna ba ta karanta boko, idonta ma ya yi rauni, da yatsa ta haddace. Ita a faɗarta kamfani take kira, ta ji ko shanshera na shigowa, tunda tana da 'yar gona a fadama. Ba ta tambayarsa ya hanya, ba ta tambayarsa ya jiki. In ya ɗauka ta san ya isa, sai ta yi tambayar shinkafarta ta kashe. Yakan ba ni labarin yana dariya, ya ce duk Argungu ba wanda ya kai Inna son sanin halin da shanshera ke ciki.

Wannan duk na sani. Abin da ban sani ba shi ne ba ta daina ba.

Baba ya ja ni gefe, muka zauna a benci a inuwar rumfar awo. Ya ce ranar da abin ya faru, labari ya fara iso musu a rarrabe, duk suka fita bakin titi suna neman gaskiyarsa. Wayar nan ta yi ta ƙara ba kowa a ciki. Mai gadi ya ce ta yanke ta sake, ta yanke ta sake. Haka Inna ta fara sani, tun kafin a aika mata mutum. Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya sai ga wayar ta yi ƙara a daidai lokacinta. Ya ɗauka. Sai Inna ta tambaye shi ko shanshera na shigowa. Ya amsa mata. Washegari ta sake kira.

Ya ce, "Ba ruɗewa ta yi ba hwa, ɗiyata. Ta san ba shi nan. Mu dai munka yi shawara tsakaninmu, wayar ga ba ta sake ƙara a banza muddin muna wurin ga. In ban kusa, wani shi ɗauka. Ba ta ce mu ɓoye muku ba, amma mun gane ba ta son a sani."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce Allah ya saka musu da alheri, na koma na ƙarasa rubutuna.

A hanyar dawowa injiniya bai yi maganar ƙwallo ba. Sai da muka yi nisa ya juyo ya ce, "Malama, akwai abin da ya kamata ki sani. In mun kunna sabon tsari, duk lambar da ta fara da ɗaya, na'ura za ta ɗauka ta Birni ce, ta tsaya jiran cikon guda huɗu. Mama za ta danna guda uku ta tsaya. Na'ura ta jira, ta ji shiru, ta yanke." Sannan ya ce, "Ko za ki koya mata? Maɓallin biyu kawai za ta ƙara dannawa a gaba. Maɓallin yana nan kusa da wanda ta saba."

A baki abu ne mai sauƙi. Amma na san Inna. Kafin in koya mata sai na nuna mata na sani, kuma ranar da ta gane matar ɗanta ta san tana kiran teburinsa, kunya ba za ta bar ta ta sake ba. In kuma Baba ne ya ce mata an sauya lamba, za ta ɗauka hanya ce ta gaya mata an gaji da ita, ta yi godiya ta ajiye wayar har abada. Ga shi kuma maigidana ne ya kama yatsanta ya koya mata wannan dannawar. Ban ga wanda zai kama yatsan ya gyara ba. Na gaya wa injiniya haka, iya yadda bakina ya iya.

Ya ce, "To hanya mai tsabta guda ce. Birni ta sauka daga ɗaya. Ta koma biyu, Argungu uku, Ambursa huɗu. In ba wanda ke kan ɗaya, sai in ce wa na'ura duk wanda ya danna ɗaya, ɗaya, huɗu, a kai shi teburin nan kai tsaye. Aikin a wurina ba wuya. Amma an buga kati, an yi allo. Wannan ba maganata ba ce, ta manaja ce."

Na yi kwanaki ina juya abin. Ni ba mai magana a taro ba ce. Kuma a ce in tsaya gaban maza in yi zancen mijina da surukata, wannan ya fi ƙarfin tarbiyyar da aka yi mini. Na yi tunanin in roƙi Baba ya yi maganar, sai na ga in ta fito daga bakinsa za a ɗauka rigimar ɗaya da biyu ce ya dawo da ita, a yi dariya a wuce. Na yi tunanin in yi shiru, in ce ai komai yana da ƙarshe. Amma duk lokacin da na kai nan, sai in ga Inna zaune a kan tabarmarta da waya a kunne, ta danna, ta ji shiru, layi ya yanke, ta sake dannawa. Ta taɓa yin irin wannan safiyar sau ɗaya. Ban ga yadda za a yi ta sake yin ta ba, kuma a ce da hannuna aka tsara.

Ranar da aka zauna don tsayar da lokacin kunna sabon tsari, muna ofishin manaja, da shi da kashiya da injiniya da ni. An gama komai, manaja ya ce ko akwai mai magana. Na ce akwai. Muryata ta fito 'yar ƙarama har sai da ya ce in maimaita. Na kafa idona a kan tebur na faɗi abin da na gani a Argungu. Ban ce mijina ba, na ce "wanda ke teburin a da". Kowa ya gane.

Manaja ba mugun mutum ba ne, amma mutum ne mai son tsari. Ya ce ya ji, kuma abin ya taɓa shi, sai dai in duba. An riga an raba katuna ga dillalai har na wasu jihohi. Allo yana hanya. Kuma a ko'ina babban ofis shi ke ɗaukar ɗaya, in masu kamfani suka tambaye shi dalilin da ya sa tsarinmu ya fara daga biyu, me zai ce musu? Ya tambaya ko ba za a saya wa Inna wata wayar a sa mata lambar Baba ta hannu ba. Na ce ba Baba take kira ba. Ya ce to wa take kira?

Kashiya ne ya cece ni, mutum ne mai barkwanci. Ya ce, "Ranka shi daɗe, in don kati ne, ni nawa ma ban raba ba, ba wanda ke neman kashiya sai ƙarshen wata. Amma ka sani, in mutanen Argungu sunka ji mun sauka daga ɗaya, ba mu da sauran sakewa a jihar ga."

Aka ɗan yi dariya, ɗakin ya saki. Manaja ya juya kujerarsa yana kallon taga. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kullum take kira?" Na ce haka Baba ya ce, sai ranar da ba aiki. Mun san mahaifiyarsa tana ƙauye, mun kuma san ba kasafai aiki ke barinsa ya je ba. Ban san abin da ya tuna ba, ba zan kuma yi masa ƙarya in ce na sani ba. Ya juyo ya ce wa injiniya, "A bar ɗayan. Kada a ba kowa."

Sai a lokacin injiniya ya ce, ai ko a wajen aikinsu ma wasu sun fi son a bar ɗaya fili, saboda lambar neman agajin gaggawa da ita take farawa, kada a samu cikas ranar da ake bukata. Manaja ya dube shi ya ce, "Ka san da wannan ka yi shiru?" Ya ce, "Oga, in na faɗa tun farko, sai ka ce wayo nake maka." Manaja ya ce, "To shi za ka rubuta wa masu kamfani. Mu nan mun san dalilinmu."

Muka sake bin lambobin daga farko. Muna cikin yi injiniya ya kawo wata magana. Ya ce tunda yanzu wuraren a haɗe suke, zai iya sa wayar ta fara ƙara a Argungu, in ba a ɗauka da wuri ba ta tsallako wani tebur a wani gari, don kada ta taɓa ƙarewa a banza. Lokacin girbi kowa yana waje wurin awo, ƙarar injin ma ba ta bari a ji. Ya ce, "Sai dai a samu teburin da kullum akwai mutum." Ya faɗa yana kallon kwamfutarsa, bai dube ni ba. Duk kamfanin tebur ɗaya ne haka. Tsakanina da Inna kuwa tun da na auri ɗanta, gaisuwa ce kawai, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa, in tashi. Ba mu taɓa yin hira ba. Na ce, "Sa nawa."

Wata Asabar aka kunna. Injiniya ya kira layin Argungu da wayarsa ta hannu, ya rufe ido ya danna yadda Inna ke yi, muka ji Baba ya ɗauka yana cewa, "Birni, an sauko ke nan? Sannunku da saukowa." Ranar Litinin da hantsi Baba ya kira ni ta sabuwar lambata, ya ce, "Ta kira. Ba ta ji wani bambanci ba." Na ce alhamdu lillahi, na shiga banɗaki na wanke fuskata.

Aka yi watanni wayar ba ta tsallako ba, har na fara sakin jiki. Sai da shinkafar rani ta nuna, motoci suka yi layi a Argungu. Wata safiya ina jera takardu, wayata ta yi ƙara, na duba ɗan gilashinta na ga daga can aka turo. Na tuna alƙawarin da mutanen Argungu suka yi tsakaninsu, na ɗauka.

Na yi sallama. Inna ta ce, "Wa ka magana?"

Na ce, "Inna, ni ce. Ina kwana?"

Ina jin kukan kaji a gidanta, da wani yana daka a maƙwabta. Na tabbata za ta kashe, na kuma tabbata in ta kashe shi ke nan. Na ce da sauri, "Suna waje wurin awo ne, Inna. In aiki ya yi musu yawa, nan wayar ke zuwa."

Ta ce, "Uhm." Can kuma ta ce, a hankali, "Shanshera na shigowa?"

Na ce, "Inna, ni ina Birni, ba na ganin shanshera daga nan."

Ta ce, "To mi kika gani?"

Na leƙa ta taga. Na ce ina ganin mai gadi yana faɗa da wani mai keke da ya tare ƙofa, da wata mata mai sayar da ƙosai ta ajiye tire tana raba su. Ta ce wa ke da gaskiya? Na ce ina jin mai ƙosan. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba, Inna ta yi dariya. 'Yar gajeriya ce, amma dariya ce. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ce muryata ta nuna ba na cin abinci, in riƙa ci. Ba ta tambaye ni tun yaushe na sani ba, ni ma ban ce komai ba. Da za ta kashe ta ce, "Gobe ma ke za ki ɗauka?"

Na ce, "In ba sa kusa, Inna."

Ta ce, "To. Allah shi ƙara musu aiki."

Daga ranar, wani lokaci Baba, wani lokaci ni. Na lura ma a wasu ranakun da ba wani aiki a Argungu wayar takan tsallako, na san Baba ne ke zaune yana kallonta da gangan. Ni da Inna ba mu taɓa ambaton wanda ya haɗa mu ba, ko sau ɗaya. Muna maganar ruwa, da albasa, da tarin ƙaramar 'yata. In na je gaishe ta a gida kuwa, sai mu koma yadda muke, in durƙusa, ta amsa, kamar ba mu ne muka yi hira jiya ba. Haka muka yi shekaru. Damina ta bara Allah ya karɓi abinsa, bayan 'yar gajeriyar jinya, kuma ina gefenta. Allah ya haɗa ta da ɗanta a gidan rahama.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ina riƙe da shi. Na shiga aikin nan ina ganin ni kaɗai aka yi wa rashi, ashe kowa a can yana ɗauke da nasa kason, yana kuma tallafe da na wani ba tare da ya faɗa ba. Na kuma gane cewa duk abin da mutane suka daɗe suna amfani da shi, komai ƙanƙantarsa, akwai wanda ya jingina da shi wanda ba a gani a takarda. Shi ya sa har yau in an ce mini za a gyara wani tsari, a ofis ko a gida, ba na fara tambayar yadda sabon zai yi kyau. Nakan fara tambaya: wa ke amfani da tsohon, kuma in ya zo gobe da safe, wa zai amsa masa?